Yadda Ake Tafiyar da Babban Aiki: Darasi Daga Mashigin Panama



Da wuya mutum ya shiga gari a ƙasar nan bai ga ginin da aka fara aka bari ba. Wani asibiti ne, wata gada ce, wani kuwa ajin makaranta ne wanda bango ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a ciki, awaki sun mai da shi wurin kwana. In ka tambayi dalili sai a ce maka kuɗi ne suka ƙare, ko kuwa an cinye su. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai dalili na uku wanda ba a cika faɗa ba, watau rashin sanin yadda ake tafiyar da aikin kansa. Ana iya samun kuɗi, a sami injiniyoyi masu ilmi, a sami leburori ƙarfafa, duk da haka aiki ya lalace, don ba wanda ya zauna ya tsara abin da zai riga wani, da wanda zai ba da umarni, da abin da za a yi in al'amari ya juya. Wannan fanni ilmi ne mai zaman kansa, har a jami'a ana karanta shi. Tun da yake da yawa daga cikinmu 'yan ajin kimiyya mun ce injiniya muke so mu zama, har da ni mai wannan rubutu, na ga ya kamata in kawo mana ɗan abin da na tsinta game da shi.

Masana sun ce kowane babban aiki yana zaune ne a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Na farko girman aikin, watau abin da ake so a yi da iyakarsa. Na biyu lokaci, na uku kuɗi. In ka gusar da dutse ɗaya, dole ka gyara sauran biyun, in ba haka ba tukunya ta tuntsure. Wanda ya ce a ƙara masa ɗaki biyu a gidansa, amma kada a ƙara kwana ko kwabo, to ingancin ginin ne zai biya, magini zai rage siminti. Sauran ƙa'idojin sun fi fitowa fili a cikin labari, shi ya sa na zaɓi aikin da aka yi sau biyu a wuri guda, aka faɗi da fari, aka ci nasara daga baya.

Panama wata siririyar ƙasa ce da ta haɗa Amurka ta Arewa da ta Kudu, Tekun Atilantika na gefe guda, Tekun Pasifik na ɗaya gefen, tsakaninsu kimanin kilomita 80. Kafin a haƙa mashigi a wurin, jirgin ruwan da ya tashi daga gabashin Amurka zuwa yammacinta sai ya kewaye Amurka ta Kudu gaba ɗaya, ƙarin tafiyar kilomita wajen 13,000.

Faransawa ne suka fara gwadawa, a ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, mutumin da ya haƙa mashigin Suwez na Masar wanda aka buɗe a 1869. Shi ba injiniya ba ne, tsohon ma'aikacin jakadanci ne mai iya baki da tara jama'a, kuma nasarar Suwez ta sa ba mai iya ja da shi. A 1879 aka yi taro a birnin Faris don a zaɓi fasalin aikin. De Lesseps ya dage a kan a haƙa ƙasa har a kai daidai da ruwan teku, yadda aka yi a Suwez. Wani injiniya mai suna Godin de Lépinay ya tashi ya ce wannan ba zai yiwu ba, gara a tare kogi a yi tafki a bisa, a riƙa ɗaga jirage zuwa cikinsa hawa hawa. Ba a kula shi ba. Ga shi kuwa Suwez rairayi ne shimfiɗaɗɗe a ƙasar da ruwan sama bai dame ta ba, Panama kuwa kurmi ne da tuddai, ana tafka ruwa wajen wata takwas a shekara, ga kuma Kogin Chagres wanda in ya cika yakan hau mita da yawa a dare ɗaya. Da De Lesseps ya je ganin wurin da idonsa a ƙarshen 1879, da rani ya je. Bugu da ƙari, injiniyoyinsa sun yi masa lissafin faran miliyan 843, shi kuwa ya sa alƙalami ya mai da shi miliyan 658, don masu sayen hannun jari su ji daɗi.

Aka fara aiki a 1881. Abin da aka haƙa da rani sai damina ta cike shi da laka. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro suka faɗa wa ma'aikata. A nan dole mu yi wa Faransawa adalci, domin a lokacin duniya ba ta yarda sauro ne ke yaɗa waɗannan cututtuka ba. Likita Carlos Finlay na Kuba ya faɗi haka game da shawara tun 1881, amma sai a 1900 aka tabbatar, na cizon sauro kuwa Ronald Ross ya gano shi a 1897. Saboda haka a asibitocinsu har ƙafafun gado suke tsomawa cikin kwanonin ruwa don kada tururuwa su hau majinyaci, ba su san gidan sauro suke ginawa a ƙarƙashin maras lafiya ba. Rashin sanin sauro ba laifinsu ba ne. Abin da na ɗora musu shi ne shekara shida da suka yi suna ganin fasalin bai dace da ƙasar ba, amma suka ƙi sauyawa sai a 1887, lokacin da kuɗi suka kusa ƙarewa. A 1889 kamfanin ya durƙushe. Mutum kimanin 22,000 suka mutu, masu hannun jari wajen 800,000 kuma suka yi asarar abin da suka tara, yawancinsu ƙananan mutane ne.

Fara aiki kafin a gama nazarinsa cuta ce da ba Faransawa kaɗai ta kama ba. Shahararren gidan kiɗa da wasanni na birnin Sidni a Ostireliya an soma gininsa a 1959 tun ba a san yadda za a yi rufinsa ba. An yi masa lissafin dalar ƙasar miliyan 7, bai ƙare ba sai 1973, ya ci miliyan 102.

Amurka ta karɓi aikin Panama a 1904, kuma shekararta ta farko ba ta fi ta Faransawa kyau ba. An naɗa kwamitin mutum bakwai da ke zaune a Washinton, ba abin da za a saya sai takarda ta ƙetare teku ta dawo, mutanen ƙasar kuma sun matsa lallai su ji ana haƙa. Shawara ta ɓarke a 1905, ma'aikata suka riƙa gudu, babban injiniya John Wallace ya ajiye aiki. Sai aka kawo John Stevens, gwanin shimfiɗa layin dogo.

Abin da Stevens ya fara yi shi ne abin da ya fi burge ni a labarin duka. Ya dakatar da yawancin haƙan. Ku duba fa, an aiko mutum ya haƙa mashigi, duniya ta zuba masa ido, shi kuwa ya ce a ajiye shebur tukuna. Ya juya ma'aikata ga gina gidajen kwana, da wuraren cin abinci, da jawo ruwan famfo, da gyaran magudanai. Ya ba likitan soja William Gorgas mutane da kuɗin da aka hana shi a baya, aka bi gida gida ana turare, ana sa raga a tagogi, ana rufe randuna, ana zuba mai a kududdufai, ana sare ciyawa. Kafin ƙarshen 1906 an rabu da shawara a wurin, zazzaɓin cizon sauro kuma ya ragu ƙwarai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kalli aikin a wannan shekara zai ce ba a yin kome, alhali kuwa a cikinta aka ci nasarar.

Sa'an nan Stevens ya gane wani abu da ya shige wa na gabansa duhu. Wahalar aikin ba haƙa ba ce, kwashe ƙasar da aka haƙa ce. Injin haƙa kome ƙarfinsa, in babu taragon da zai juye wa ƙasa, tsayawa zai yi. Saboda haka ya sake gina layin dogon Panama da manyan ƙarafa, ya mai da shi layi biyu, ya tsara yadda taragu marasa kaya za su riƙa hawa, masu kaya suna gangarowa. A lokacin da aiki ya kankama a tudun Culebra, inda aka yanka dutse na tsawon kilomita wajen 13, jiragen ƙasa kimanin 160 ke fita da ƙasa kowace rana. Ita ma ƙasar ba duka aka zubar ba, da ita aka cike fadamu, aka kuma yi amfani da ita wajen gina madatsar ruwa. Ƙa'idar a nan ita ce, a kowane aiki akwai wuri guda da ya fi ƙunci, kuma saurin aikin duka ba zai wuce saurin wannan wuri ba. Mu 'yan makarantar kwana mun san wannan ko ba a koya mana ba. In famfo ɗaya ne ke zuba da asuba, ko bokiti ɗari aka ƙaro layi ba zai yi sauri ba.

Saura batun fasali. Aka tara manyan injiniyoyi 13, takwas suka ce a bi ra'ayin De Lesseps, biyar suka ce a yi tafki da matakala. Stevens, wanda ya ga Chagres ya cika da idonsa, ya goyi bayan biyar ɗin, ya shawo kan Shugaba Roosevelt, majalisa ta amince a 1906. Watau dai an koma ga shawarar mutumin nan da aka ƙi saurara a Faris shekara 27 da suka wuce. Aka tare Chagres aka yi Tafkin Gatun, mita 26 bisa teku. Jirgi yakan shiga wani ɗakin kankare mai manyan ƙofofin ƙarfe, a rufe, a saki ruwa daga sama har ya taso da shi, a buɗe ƙofar gaba. Hawa uku ne zuwa tafkin, sauka uku a ɗaya gefen, kuma ba injin da ke tura ruwan, gangarowa yake da kansa. Kogin da ya kashe aikin Faransawa shi ne ya zama mai ɗaukar jirage.

Stevens ya bar aiki a 1907, aka naɗa hafsan soja George Goethals. Wannan karon aka haɗa masa iko wuri guda, shi ne babban injiniya, shi ne shugaban kwamiti. A 1908 ya raba aikin kashi uku, ɓangaren Atilantika, da na tsakiya, da na Pasifik, kowanne da shugabansa da za a kama in an yi lattin aiki. Akwai jaridar aikin da ke fita mako mako tana buga yawan ƙasar da kowane ɓangare ya haƙa, sai gasa ta shiga tsakaninsu. Ran Lahadi da safe kuma yakan zauna a ofis ya saurari koken ma'aikata, babba da yaro. Tudun Culebra ya yi ta zaftarewa yana binne layin dogo da injuna, musamman a 1907 da 1913, a kwashe, ya sake zubowa, a sake kwashewa. Aka buɗe mashigin ran 15 ga Agusta, 1914. Ya ci dala miliyan 375, ƙasa da lissafin 1907 da kimanin miliyan 23.

Littattafai sukan tsaya nan su yi tafi. Ni dai a ganina lissafin bai cika ba. A zamanin Amurkawa ma mutum kimanin 5,600 suka mutu, mafi yawansu baƙaƙen fata ne daga tsibiran Karibiyan, musamman Barbados. Ma'aikata kashi biyu aka yi su, Turawa a rajistar zinariya, saura a rajistar azurfa, albashi daban, gidaje daban, har wurin shan ruwa daban. In za a auna aiki da lokaci da kuɗi kaɗai, an ci riba. Shi ya sa a yau ake sa lafiyar ma'aikaci da haƙƙin mutanen wuri cikin ma'aunin tun daga farko. Mashigin ya koma hannun ƙasar Panama a ƙarshen 1999, aka kuma faɗaɗa shi a 2016.

Muna da misalin wannan a gida. Madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara an gina ta daga 1964 zuwa 1968, 'yan kwangilar Italiya suka yi ginin. Tafkin da ya taru ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa, sai da aka tashi mutum fiye da 40,000, aka gina musu sababbin matsugunai, har da Sabuwar Bussa. Gina waɗannan gidaje yana cikin aikin kamar yadda zuba kankare yake ciki, domin ba a isa a rufe kogi ba alhali mutane na kwance a inda ruwa zai hau. Masu tsarin kuma sun bar gurbin injunan lantarki 12, aka fara da 4, ya zuwa 1978 suka kai 8.

To, yanzu bari mu zo ga dabarun da ake yi a kan takarda, waɗanda kowane ɗayanmu zai iya koya da fensir da rula. Mafi sauƙi shi ne jadawalin da Ba'amurke Henry Gantt ya yaɗa a tsakanin 1910 da 1915. Ana jera ayyuka a hagu daga sama zuwa ƙasa, a jera kwanaki a bisa, sa'an nan a ja wa kowane aiki layi daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Da kallo ɗaya za ka ga wanda ya yi latti. Aibinsa shi ne bai nuna wane aiki ke jiran wane ba.

A 1957 wasu masana biyu, James Kelley da Morgan Walker, suka fitar da wata dabara don ayyukan kamfanin DuPont. Ni na kira ta doguwar sarƙa. A ce ƙungiyar iyaye da malamai za ta gina aji ɗaya. Haƙa harsashi kwana 5, zuba masa kankare kwana 4. Buga bulo da shanya shi kwana 14, kuma ana iya fara shi tun ranar farko. Ɗaga bango kwana 12, amma ba zai fara ba sai harsashi da bulo duka sun samu. Bayansa rufin kwano kwana 6, filasta kwana 5, fenti kwana 3. Kafinta kuma yana can rumfarsa yana haɗa bencina, kwana 20, ba ya jiran kowa. In ka haɗa duka za ka sami kwana 69, amma ba haka ake yi ba, tun da wasu ayyukan tare suke tafiya. Sai a nemi jerin ayyuka masu jiran juna wanda ya fi tsawo. Ta wajen harsashi: 5 da 4 da 12 da 6 da 5 da 3, kwana 35. Ta wajen bulo: 14 da 12 da 6 da 5 da 3, kwana 40. Wannan ta biyun ita ce doguwar sarƙa, kuma ajin ba zai ƙare ƙasa da kwana 40 ba.

Ga amfanin sanin haka. Masu haƙa harsashi suna da rarar kwana 5, kafinta yana da rarar kwana 20. In kafinta ya tafi biki ya yi mako, ba abin da ya ɓaci. Amma in mai bulo ya makara kwana ɗaya tak, ranar buɗe aji ta gusa da kwana ɗaya. Shugaban aikin da bai san wannan ba sai ka gan shi a rumfar kafinta yana faɗa, alhali simintin mai bulo bai iso ba. Akwai kuma wani tarko. A ce an ƙara kuɗi aka rage kwanakin bulo daga 14 zuwa 7. Mutum zai zaci aiki ya koma kwana 33. A'a, 35 ne, domin yanzu harsashi mai kwana 9 shi ne bango ke jira, sarƙar ta koma can. Kuɗin kwana biyu daga cikin bakwai ɗin an zubar da su a banza.

Wani zai ce, wa ya san bango kwana 12 zai ci? Magini na iya yin rashin lafiya, tankar ruwa na iya ƙin zuwa. Rundunar sojan ruwan Amurka ta yi tunanin wannan a 1958, lokacin da take ƙera makamin Polaris, ta fito da dabarar da ake kira PERT. Ana tambayar mai aiki lissafi uku: in kome ya tafi daidai, da yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. A ce magini ya ce 9, da 12, da 21. Sai a ninka na tsakiya sau huɗu, a haɗa da sauran biyun, a raba da shida. Watau 9 da 48 da 21 sun zama 78, a raba da 6, kwana 13 ke nan, shi za a rubuta a jadawali. Haka kuma ake ware wani abu daga cikin kuɗin a ajiye don abin da ba a zata ba. A ƙasarmu kuwa mai tsara gini dole ya fara lissafi daga baya, ya sa ranar da yake tsammanin ruwan farko, ya ƙirgo zuwa ranar da ya kamata a sari harsashi, don kwano ya hau kafin damina. A yau kwamfuta ke yin wannan lissafi in ayyuka sun kai dubbai, amma lambobin da mutum ya ba ta su take juyawa, in an ba ta irin na De Lesseps, irinsu za ta mayar.

Ga ɗan aiki ga wanda ke son gwada kansa lokacin hutu. A koma ga ajin nan namu mai kwana 40. A ce mai walda zai ƙera ƙofofi da tagogi cikin kwana 30 daga ranar farko, kafa su zai ci kwana 2, ba za a kafa su ba sai bango ya tashi, kuma ba za a fara filasta ba sai an kafa su. Shin ranar gama aiki ta gusa? In kuma mai waldan ya makara da kwana 4, aikin kwana nawa zai ci?